Kwamfutar Allo a Horar da Likitocin Hoto da Kuma Aikin Asibiti: Waiwaye Daga Boɗinga da Shagari

1.0 Gabatarwa



Manufar wannan takarda ita ce bayyana matsayin da kwamfutar allo ta samu a fannin hoton asibiti, ta fuska biyu: fuskar horar da likitoci masu neman ƙwarewa, da fuskar duba marasa lafiya. Domin kada maganar ta tsaya a iska, an ɗora ta a kan ƙananan hukumomi biyu na Jihar Sakkwato, watau Boɗinga da Shagari, waɗanda ke kan babbar hanyar da ta fito daga birnin Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. Mutumin da ya yi hatsari a kan wannan hanya, ko matar da naƙuda ta tsananta gare ta a wani ƙauye na wannan yanki, su ne ma'aunin da za mu riƙa komawa gare shi. Tambayar da takardar ke son amsawa ita ce: wane aiki ya dace a ɗora wa wannan na'ura, wane ne kuma ya fi ƙarfinta?

2.0 Ma'anar Kalmomi

Abin da ake nufi da kwamfutar allo a nan shi ne na'urar nan shimfiɗaɗɗiya mai fuskar gilashi, wadda ake sarrafawa da yatsa, ta fi wayar hannu faɗi, ba ta kuma kai kwamfutar cinya nauyi ba. 'Yan kasuwa suna kiranta tabulet. An zaɓi kalmar allo ne saboda ta yi kama da allon almajiri a girma da riƙo, kuma kamarsa, ana wanke abin da ke kanta a rubuta wani.

Likitan hoto kuwa shi ne likitan da ya ƙware wajen fassara hotunan cikin jiki, ko na eksire, ko na sikanin, ko na yanka-yanka wanda aka fi sani da CT, ko na maganaɗisu wanda aka fi sani da MRI. Ya bambanta da ma'aikacin ɗaukar hoto, wanda aikinsa shi ne daidaita majinyaci da sarrafa na'ura. A Nijeriya ma hukumar da ke yi wa masu ɗaukar hoto rajista daban take, an kuma kafa ta da dokar soja ta 1987.

3.0 Daga Fim Zuwa Ɗigo

Masani Wilhelm Röntgen ne ya gano hasken eksire a garin Wurzburg na ƙasar Jamus ranar 8 ga Nuwamba, 1895. Daga nan har kusan ƙarni guda, hoton asibiti abu ne da ake riƙewa a hannu. A ɗauka, a shiga ɗakin duhu a wanke, a shanya, sa'an nan a maƙala a jikin akwatin haske a duba. Fim ɗaya ne, saboda haka inda yake nan likita zai je, ko kuwa a ba ɗan'uwan majinyaci ya ɗauka cikin babban ambulan ya bi mota da shi.

Canji na farko ya zo ne da na'urar CT, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera a Ingila, aka fara gwada ta a kan majinyaci a wani asibiti na birnin Landan a 1971. Hoton wannan na'ura tun asalinsa lissafi ne: kwamfuta ce ke auna yadda kowane ɗan wuri na jiki yake tare haske, ta ba shi lamba. Canji na biyu shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla a kan yadda za a riƙa ajiye irin waɗannan hotuna da aika su, ta yadda na'urar wannan kamfani za ta fahimci ta wancan. An fara ta a Amurka a 1985, ta kuma ɗauki sunan DICOM a 1993. Da wannan sai asibitoci suka samu damar gina rumbun ajiyar hotuna, wanda ake kira PACS, inda likitoci da yawa za su iya duba hoto ɗaya a lokaci guda, kowa daga inda yake.

Canji na uku shi ne wanda ya shafe mu. Kamfanin Apple ya fitar da iPad a 2010, wasu kamfanoni suka biyo da irin nasu. A Fabrairun 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata manhaja mai suna Mobile MIM domin duba hotunan CT da MRI a kan irin waɗannan na'urori. Amma ta gindaya sharaɗi, watau a yi amfani da ita ne sa'ad da likita ba shi da halin isa ga cikakkiyar kwamfutar fassara hoto. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, za mu kuma komo kansa.

4.0 Kwamfutar Allo da Mai Neman Ƙwarewa

Likitan da ke son ya zama likitan hoto a Nijeriya yana bin ɗayan ƙofofi biyu, ko dukansu: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, wadda ke da sashen hoto. Akwai jarrabawar share fage, da ta kashi na ɗaya, da ta kashi na biyu wadda ke haɗe da rubuta kundin bincike. Horon yakan ci shekaru huɗu zuwa shida, a asibitin da kwalejojin suka amince da shi. A wannan yanki namu, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato shi ne cibiyar irin wannan horo.

Ilimin hoto ilimin ido ne. Ɗalibi ba ya ƙwarewa sai ya ga hoton ƙirji mai lafiya sau dubbai, har idonsa ya saba, ta yadda ƙaramin abin da ya saɓa zai tsaya masa tun kafin ya san sunansa. A zamanin fim, kowane sashe yana da kabad ɗin koyarwa inda ake tara hotunan cututtuka. Fim yana tsufa, yana kamawa da danshi, wani a ara ba a mayar ba. Littattafan fannin kuma manya ne masu tsada, domin rabin shafukansu hotuna ne.

A nan kwamfutar allo ta yi amfani ta hanyoyi huɗu. Na farko, tana ɗaukar littattafai da mujallu masu yawa a wuri guda, ɗalibi ya karanta a ɗakin kwana na masu aikin dare ko a cikin mota. Na biyu, tana buɗe masa taskokin hotuna na duniya, irin su Radiopaedia wadda wani likita ya kafa a Ostareliya a 2005, inda zai ga cutar da wataƙila sai ya shekara goma bai gamu da ita a asibitinsa ba. Na uku, kuma wannan ya fi sauran, tana ba shi damar bin hoton CT yanka bayan yanka da yatsarsa, kamar yadda zai yi a bakin aiki. Littafi yakan nuna yanka ɗaya, wanda marubuci ya riga ya zaɓa ya kuma sa masa kibiya. A asibiti kuwa babu kibiya, ɗalibi ne zai nemo cutar cikin yanka ɗari biyu ko uku. Na huɗu, tana haɗa shi da malamai na nesa. Wannan ya fito fili a 2020, lokacin da annobar korona ta hana taruwa, darussa da yawa suka koma ta intanet, kuma al'adar ba ta mutu ba bayan annobar ta lafa.

Sai dai akwai gyara. Yawancin hotunan da ke cikin taskokin waje na marasa lafiyar Turai ne da Amurka. Abin da likitan Sakkwato zai fi gani kullum shi ne tarin fuka, da illar cutar sikila ga ƙashi, da tsakuwar mafitsara, da karaya wadda ta daɗe a hannun maɗori kafin a kawo ta asibiti, da ciwon daji wanda bai iso ba sai da ya yi nisa. Ɗalibin da ya dogara ga taskar waje kaɗai zai san baƙuwar cuta, ya jahilci ta gida. Har ila yau, na'urar ba ta maye gurbin zama kusa da malami, inda ɗalibi zai faɗi abin da ya gani a gyara masa nan take. Mutanen Boɗinga sun san wannan tun da daɗewa, domin a Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa daga wajen 1810 zuwa 1815, kuma ɗalibai ba su wadatu da kwafen littattafansa ba, sai da suka yi tattaki suka zauna gabansa.

5.0 A Bakin Gadon Majinyaci

Mu ɗauka, alal misali, cewa mai babur ya yi karo da mota tsakanin Shagari da Boɗinga bayan sallar isha'i. An kai shi asibitin ƙaramar hukuma, ya farfaɗo, yana magana, yana cewa a bar shi ya tafi gida. Likitoci sun san cewa akwai irin zubar jinin da ke taruwa tsakanin ƙoƙon kai da fatar ƙwaƙwalwa, wanda mai shi yakan farka ya yi hira, sa'an nan bayan 'yan sa'o'i ya sume, in ba a yi masa aiki ba ya mutu. Da CT ake gano wannan, ita kuwa a manyan asibitocin birni ake samunta. Saboda haka aka tura shi Sakkwato, aka ɗauki hoton da tsakar dare. Wanda ke bakin aiki a wannan lokaci galibi ƙaramin likita ne mai neman ƙwarewa, malaminsa yana gida.

Hanyar da aka saba bi ita ce ƙaramin likitan ya ɗauki fuskar kwamfuta da wayarsa, ya aika wa malaminsa ta WhatsApp. Domin a gane raunin wannan hanya, dole a san yadda hoton CT yake. Lambobin da na'urar ke bayarwa an ɗora su a kan ma'aunin Hounsfield: iska -1000, ruwa 0, ƙwaƙwalwa tsakanin 20 da 45, sabon jini da ya daskare tsakanin 50 da 80, ƙashi kuwa ɗaruruwa har ya zarce 1000. Idon ɗan Adam ba ya iya rarrabe wannan faɗi duka a lokaci guda. Saboda haka likita yakan buɗe abin da ake kira taga, watau ya zaɓi wani yanki na lambobin a shimfiɗa masa shi daga baƙi zuwa fari. Tagar ƙwaƙwalwa takan kama daga 0 zuwa 80. Duk abin da ya haura wannan fari fat zai fito. Ke nan siririn jini da ya kwanta a jikin ƙashi yana iya sajewa da ƙashin, su zama fari ɗaya. Sai an faɗaɗa tagar sa'an nan zai rabu da shi. Haka kuma tsagewar ƙashi ba ta fitowa sosai sai an koma tagar ƙashi.

Hoton da aka ɗauka da waya ya daskare a kan taga ɗaya da yanka ɗaya, waɗanda ƙaramin likita ya zaɓa. In a wurin zaɓen ya yi kuskure, malaminsa ba shi da hanyar ganowa, domin abin da aka nuna masa kaɗai yake gani. Amma in akwai rumbun ajiya, kuma malamin yana da kwamfutar allo mai manhajar DICOM, to, hoton na asali ne zai buɗe. Zai bi yanka duka, ya canza taga, ya auna kaurin jinin, ya kira likitan fiɗar ƙwaƙwalwa kafin ma ya sa takalminsa. Yankan CT ɗaya ɗigo 512 ne a tsaye, 512 a kwance, wanda kowace kwamfutar allo ta yau za ta nuna ba tare da ta rage komai ba. Wannan shi ne aikin da na'urar ta fi dacewa da shi.

Aiki na biyu yana can ƙaramar hukuma. Tun daga 2015 kamfanin Philips ya fitar da kan sikanin mai suna Lumify wanda ake jona wa waya ko kwamfutar allo, wasu kamfanoni ma sun yi irinsa. Da irin wannan, likita ko ungozoma da aka horar za su iya gane ko jariri ya zo a gicciye, ko tagwaye ne, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa, ko kuwa jini ya taru a cikin wanda ya yi hatsari. Duk waɗannan tambayoyi ne da amsarsu ke yanke hukunci guda: a riƙe majinyaci a nan, ko a sa shi a mota yanzu? Ga iyalin da sai sun sayar da akuya ko buhun gero kafin su biya kuɗin mota da na jinya a birni, tura su ba dalili hasara ce, riƙe su ba daidai ba kuwa ya fi hasara muni. Inda aka samu eksire na zamani mara fim, ana iya aika hoton ƙirji Sakkwato a fassara. A 2021 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen tace hotunan ƙirji domin neman tarin fuka ga 'yan shekara 15 zuwa sama, sa'an nan a tabbatar da gwajin majina.

6.0 Iyakokin Na'urar

Iyaka ta farko ita ce ta ɗigo da haske. Hoton ƙirji ya fi yankan CT yawan ɗigo nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake fassara shi a kan fuska ta musamman mai ɗigo miliyan uku, hoton nono kuwa mai miliyan biyar. Fuskar iPad ta farko ɗigo 1024 ce da 768, ta 2012 ta kai 2048 da 1536, watau kusan miliyan uku. Ke nan yawan ɗigo ya daina zama babbar matsala. Abin da ya rage shi ne ƙanƙantar fuskar, da kuma cewa fuskar asibiti ana auna ta lokaci-lokaci domin kowane mataki na toka-toka ya fito daidai, ana kuma ajiye ta a ɗaki mai ƙarancin haske. Kwamfutar allo kuwa haskenta yana hawa yana sauka da kansa, gilashinta yana ƙyalli, ga shatin yatsu. Akwai wani nau'in tarin fuka da ke warwatsuwa cikin huhu ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar gero, har ma daga sunan gero a Latin aka samo sunansa. Wanda ya duba irin wannan hoto a barandar asibiti da rana tsaka yana iya cewa huhun lafiya lau yake. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Wannan shi ne hikimar sharaɗin 2011.

Ta biyu ita ce yanayi. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPad a zafin da bai wuce digiri 35 ba. A Sakkwato kuwa zafin Afrilu da Mayu yakan haura 40. Na'urar da ta yi zafi takan rage haskenta da kanta, ko ta tsaya, batirinta kuma ya mutu da wuri. Ga ƙurar hunturu da ke shiga kafar caji.

Ta uku ita ce lantarki da intanet. Yankan CT ɗaya kimanin rabin megabait ne, saboda haka hoto mai yanka 300 zai kai megabait 150. Inda layin waya yake da rauni, saukar da wannan yana iya cin lokacin da majinyaci ba shi da shi. Tilas kuma a san wanda zai biya kuɗin data, domin in an bar wa ƙaramin likita daga albashinsa, zai koma wa hoton waya mai araha.

Ta huɗu ita ce amana. Hoton DICOM yana ɗauke da sunan majinyaci da shekarunsa a cikinsa. A gari irin Boɗinga ko Shagari, inda kowa ya san gidan kowa, hoton cikin budurwa ko na ƙirjin magidanci in ya fita daga na'urar da aka sace, ko wadda yara ke wasa da ita a gida, abin da zai ɓata ba ya gyaruwa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke bukatar kariya ta musamman. Tun kafin dokar ma, addini da al'ada sun ɗora wa likita rufin asirin wanda ya zo gare shi.

7.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ana ba da waɗannan shawarwari:

(a) A fara da rumbun ajiya da amintacciyar hanyar shiga cikinsa kafin a sayi na'urori. Kwamfutar allo da ba ta da inda za ta ɗebo hoto littafi ce kawai.

(b) A rubuta ƙa'ida a fili: ana iya ba da ra'ayin gaggawa a kan CT da MRI da sikanin daga kwamfutar allo, amma cikakken rahoto, musamman na ƙirji da nono, sai a kan fuskar asibiti. Duk ra'ayin da aka bayar da dare a sake duba shi da safe.

(c) Sassan hoto na asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Zariya da Maiduguri su haɗa hannu su gina taskar hotunan cututtukan yankinmu, bayan an goge sunaye, domin ɗalibai.

(d) Na'urar ta zama mallakar asibiti, mai kalmar sirri, wadda za a iya goge abin da ke cikinta daga nesa in ta ɓata.

(e) Kada a ba kowa kan sikanin sai an horar da shi, an kuma haɗa shi da likitan hoto wanda zai riƙa duba samfurin aikinsa. Sikanin a hannun wanda bai iya ba yana sa shi ya saki jiki a kan kuskure.

(f) A tanadi hasken rana domin caji a asibitocin ƙananan hukumomi, a kuma sa kuɗin data cikin kasafin asibiti.

(g) Malaman harshe su zauna da likitoci a daidaita kalmomin wannan fanni da Hausa, domin likita ya iya juya fuskar na'urar ga majinyaci ya nuna masa karayarsa, ya bayyana masa da harshen da yake ji. Gani ya kori ji, kuma wanda ya ga ƙashinsa da idonsa ya fi saurin yarda da jinyar da aka ba shi.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi tarihin hoton asibiti daga fim zuwa ɗigo, ta nuna cewa kwamfutar allo tana da amfani tabbatacce wajen karatun mai neman ƙwarewa, da wajen kai hoton gaggawa ga ƙwararre a lokacin da ba ya kusa, da kuma wajen sikanin a asibitocin karkara. Ta kuma nuna inda ƙarfinta ya ƙare, watau fassarar hotuna masu ƙananan alamu, da zafi, da raunin intanet, da hatsarin tonon asiri. Likitocin hoto kaɗan ne a ƙasar nan, mafi yawansu kuma a manyan birane suke. Babu alamar cewa za a samu ɗaya a kowace ƙaramar hukuma nan kusa. Abin da ke iya yiwuwa shi ne a kai hoton mutumin Shagari da na Boɗinga gaban idon ƙwararre cikin mintoci, da cikakkiyar surarsa, ba tare da asirinsa ya fita ba. Ina fata mahalarta, musamman waɗanda suka yi aiki a asibitocin karkara, za su gyara inda na kuskure, su kuma cike inda na rage.